Daga Tiga Zuwa Kuɗin Sauyin Yanayi: Tarihin Tallafi da Ƙungiyoyin Manoma a Kura da Bunkure

 

A 'yan shekarun nan kalmomi uku sun cika bakin jami'ai da gidajen rediyon Kano: sauyin yanayi, ƙungiya, tallafi. Ana kira ga mutanen karkara su haɗa kansu, su yi rajista, su buɗe asusun banki, domin akwai kuɗin da aka ware don tunkarar fari da ambaliya da zaizayar ƙasa. Mai saurare zai ɗauka sabon abu ne. A yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam kuwa, an haura shekara 50 ana ganin kuɗi suna zuwa daga nesa saboda rashin tabbas na damina, an kuma haura shekara 30 ana gindaya wa manoma sharaɗin kafa ƙungiya kafin su amfana. Duk mai son yin rubutu a kan kuɗin sauyin yanayi, labari ne ko waƙa ko sharhi, ya kamata ya fara da wannan tarihi, domin ya riga ya amsa da yawa daga tambayoyin da ake yi yau.

Abin da muka fahimta daga tarihin shi ne, kuɗin waje sun iya gini amma ba su iya riƙo ba. Riƙo aikin mutanen wuri ne, kuma ƙungiyar da ke iya yin sa ita ce wadda take da abin da ta tara da hannunta, tun kafin tallafi ya zo da kuma bayan ya tafi. Bari mu bi abin daki-daki.

Kafin a tare kogi

Kura tsohon gari ne da ya yi suna a kan rini tun ƙarni na 19. Rawani ɗan Kura, baƙi wuluk mai sheƙi, fatake na kai shi har Agadas da cikin Sahara inda Buzaye ke naɗa shi. Noman yankin na damina ne: gero, dawa, wake, gyaɗa, auduga, da baba don marina. Akwai noman rani, amma ɗan kaɗan ne a bakin kogi da fadamu, inda ake ɗebo ruwa da jigo a shayar da lambun albasa da barkono.

Fari ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. Yunwar 1913 zuwa 1914 da ake kira Kakalaba da ta 1927 da ake kira 'Yar Buhu sun daɗe a bakin tsofaffi. Masanin nan Michael Watts ya bi tarihin waɗannan yunwoyi a littafinsa Silent Violence na 1983, ya nuna yadda harajin Turawa da noman kayan sayarwa suka raunana hanyoyin da talakawa ke kare kansu da su. Hanyoyin kuwa sanannu ne: rumbu, gandu, zakka, taimakon dangi, cin rani, gayya da adashi.

Mu tsaya a kan biyun ƙarshe, don za mu sake haɗuwa da su. Gayya da adashi ƙungiyoyi ne, ko da ba su da takardar rajista. Kowa ya san abin da ya zuba, kowa ya san abin da zai kwasa da ranar da zai kwasa. Wanda ya ƙi zuwa gayyar maƙwabci ya san ranar tasa zai tsaya shi kaɗai a gona. Ba a buƙatar mai binciken kuɗi daga birni, domin idon jama'a ya isa.

Zuwan farko: gwamnati ta gina

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, aka naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako gwamnanta na farko, ya riƙe ta har 1975. Shi ne ya sa tare ruwa a gaba. An fara da madatsar Bagauda da gonar gwaji a Kadawa, kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ya yi nazarin babban aikin, sannan aka gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano daga 1971 zuwa 1974. Tsawonta ya kai kusan kilomita 6, kuma an tsara ta ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2.

Ana tsakiyar ginin sai babban farin 1972 da 1973 ya afka wa ƙasashen Sahel da Arewacin Nijeriya. Amfanin gona ya ƙone, dabbobi suka mutu. A daidai lokacin farashin man fetur ya tashi a duniya, kuɗi suka shigo wa gwamnati. Fari ya ba da hujja, fetur ya ba da hali. Idan muka yi amfani da harshen yau, aikin noman rani na Kogin Kano shi ne babban shirin jure sauyin yanayi na farko da yankin ya gani, ko da yake a lokacin ba a kiran sa da wannan suna.

Tsarin aikin yana da kyau ƙwarai. Ruwa na gangarowa da kansa daga Tiga ta babban kanal, ba tare da inji ba, ya rabu zuwa reshen gabas da na yamma, daga nan zuwa matsakaitan kanal, sannan ƙananan magudanai da ke shiga gonaki. Kashin farko an tsara shi a kan hekta 22,000, abin da aka iya gyarawa ya tsaya a wajen hekta 15,000. An karɓi gonakin mutane aka baje su, aka sake yanka su, aka mayar wa masu su bayan an rage wani ɗan kaso saboda kanal da hanyoyi. Dubban mutane kuma aka tasa daga garuruwan da tafkin Tiga ya cinye. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya koguna, aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are.

Abin lura a wannan zango shi ne matsayin manomi. Hukuma ke sakin ruwa, ita ke kawo tarakta, ita ke kawo iri da taki a farashi mai rahusa, ita ke yashe kanal, ita ke faɗin abin da za a shuka. Abin da take so kuwa alkama ce, don a rage wadda ake sayowa daga waje saboda burodi. Mai bincike Tina Wallace, wadda ta yi aiki a yankin a ƙarshen shekarun 1970 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta nuna cewa noman rani na zamani yana cin jari da ƙwadago fiye da ƙarfin ƙaramin manomi, har wasu suka riƙa ba da gonakinsu haya ga masu hali. Gunilla Andrae da Bjorn Beckman su ma sun yi littafi a 1985 mai suna The Wheat Trap, wato tarkon alkama, inda suka nuna irin tsadar da ke tattare da dagewa a kan wannan amfani. A Bakalori ta tsohuwar Jihar Sakkwato, inda aka yi irin wannan aiki, rikicin diyya ya kai ga 'yan sanda sun hallaka manoma a Afrilun 1980. Kano ba ta kai ga haka ba, amma tunanin iri ɗaya ne: an yi aikin domin manomi, ba a yi shi tare da manomi ba.

Sakamakon haka, mutane suka ɗauki kanal a matsayin kayan gwamnati. Kayan gwamnati kuwa, kowa ya san yadda muke riƙon sa.

Lokacin da hukuma ta janye hannu

Farashin fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, wani farin ya sake zuwa a 1983 da 1984. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu, a 1987 kuma aka taƙaita aikin hukumomin koguna ga sha'anin ruwa kaɗai, aka raba su da harkar tarakta da taki. A shekarar ce aka haramta shigo da alkama, farashinta ya tashi, manoma suka ruga gare ta, sai kuma aka ɗage haramcin a 1992. A tsakanin nan madatsar Bagauda ta ɓalle a daminar 1988, ta yi ɓarna mai yawa.

Da kuɗin gyara suka ƙafe, sai raunin tsarin ya fito fili. Laka ta cika kanal, ciyawa ta toshe magudanai, ƙofofin ruwa suka lalace. Masu gona a kan gaba suna sha har su yi ɓarna, na ƙarshen kanal suna jira har shuka ta bushe. Kuɗin ruwan da ake karɓa ba ya isar gyara, manomi kuma ba ya ganin dalilin biya tun da ruwa ba ya zuwa a kan lokaci. Hukuma na cewa a biya a ga gyara, manomi na cewa a gyara a ga biya.

A nan ne kalmar ƙungiya ta fara shigowa. A farkon shekarun 1990, hukumar da haɗin gwiwar cibiyar IIMI mai nazarin harkar ban-ruwa, wadda hedikwatarta ke ƙasar Sri Lanka, ta fara gwajin kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a wasu sassan aikin. Manufar ita ce manoman da ke shan kanal ɗaya su haɗu su yashe shi, su tsara rabon ruwa, su taimaka wajen tara kuɗin ruwa. Idan muka duba da kyau, gayya ce aka dawo da ita cikin sabuwar riga. Bambancin shi ne, an kira manoma su ɗauki nauyi ne bayan shekaru kusan 20 ana nuna musu cewa nauyin ba nasu ba ne.

Duk da haka manoma ba su zauna jira ba. Su da kansu suka karkata ga abin da kasuwa ke so: shinkafa da damina, tumatir da albasa da masara da rani. Kura ta zama garin injinan casar shinkafa, mata suka riƙe sana'ar turara ta, Kwanar Gafan ta zama kasuwar tumatir da manyan motoci ke lodi zuwa Kudu. Wannan bunƙasa ba wata takardar shiri ce ta tsara ta ba.

Zuwa na biyu: Fadama da ƙungiyar takarda

Tun a shekarun 1980 hukumar KNARDA ta Jihar Kano ta fara yaɗa ƙananan injinan ban-ruwa da gajerun rijiyoyin bututu a fadamu. Bankin Duniya ya ga wannan hanya ta fi manyan madatsu sauƙi da arha, sai aka fito da shirin Fadama na farko a 1993, Kano na cikin jihohin da suka fara. Inji ya kori jigo. Shirin Fadama na uku, wanda aka amince da shi a 2008 da dala miliyan 250, ya game dukan jihohin ƙasar nan, a 2013 kuma aka ƙara masa dala miliyan 200, inda Kano ta shiga saboda tumatir da shinkafa da dawa.

A wannan shiri ne tallafin ƙungiyoyi ya samu siffar da muka san shi da ita yau. Mutane masu sana'a ɗaya su kafa ƙaramar ƙungiya, ƙananan ƙungiyoyi su haɗu a ƙarƙashin babba, su rubuta tsarin abin da suke buƙata, su kawo nasu kason, shirin ya cika sauran. A kan kayan aiki irin su inji, ƙungiya kan kawo kashi 30 cikin 100. An kuma buƙaci kowace ƙungiya ta riƙa ajiye wani abu daga ribar kayan, don ranar da inji ya mutu a sayi wani ba tare da jiran kowa ba.

Babu shakka an amfana. An samu injina, an yi hanyoyi da kwalbatoci, mata da masunta da makiyaya sun shiga lissafi. Amma wanda ya san karkara ya san cewa ƙungiyoyi iri biyu ne suka fito. Akwai wadda 'ya'yanta dama suna tare, suna adashi ko suna shan kanal ɗaya, rajista kawai suka ƙara. Akwai kuma wadda aka haɗa cikin mako guda don cika fom, wani mai hali ya biya kason kowa, kayan suka sauka a gidansa. Ta farko takan rayu bayan shiri ya ƙare. Ta biyu ranar da ofishin shiri ya rufe, ranar take mutuwa, sai an ji labarin sabon shiri a sake tashin ta da sabon suna. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Zuwa na uku: gyaran kanal da darasin tumatir

A 2014 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 495 don shirin TRIMING, wanda ya ɗauki gyaran manyan ayyukan noman rani na Arewa: Bakalori, tsakiyar Rima, Kogin Kano, kwarin Haɗeja da Daɗin Kowa. Kuɗi masu yawa sun tafi wajen gyara abin da aka gina a shekarun 1970 aka kasa riƙewa. Masu tsara shirin sun gane haka, shi ya sa suka ɗora shi a kan ƙungiyoyin masu amfani da ruwa: a yi musu rajista, a horar da su, a miƙa musu kula da ƙananan kanal, su shiga harkar tara kuɗin ruwa da sarrafa shi. A Satumban 2024 bankin ya sake amincewa da dala miliyan 500 don shirin SPIN, wanda ya gaji wancan a kan lafiyar madatsu da noman rani. A watan ne madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, abin da ya tuna wa kowa cewa madatsar da ba a kula da ita ta fi fari haɗari.

Jarrabawar waɗannan ƙungiyoyi ba ranar bikin miƙa aiki take ba. Tana zuwa ne shekara 5 ko 10 bayan haka, ranar da laka ta dawo, babu ɗan kwangila, sai 'yan ƙungiya da shebur da abin da ke cikin asusunsu.

A 2016 yankin ya ga wani darasin. An buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa, mai ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, manoma suka sa rai sun rabu da asarar da sukan yi idan kaya ya yi yawa, kwando ya faɗi warwas. A shekarar ce tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabta, masana'antar ta tsaya saboda rashin kaya. Ita wannan ƙwaro zafi na ƙara mata saurin hayayyafa, kuma ba ta san iyakar gona ba. Manomi ɗaya ba zai iya yaƙar ta shi kaɗai ba idan maƙwabcinsa ya bar tsohuwar shuka a tsaye. Haka alkama: sanyin hunturu take so, idan ruwa ya makara aka yi shuka a makare, zafin Maris ya same ta kafin ta cika ido. Kusan duk matsalar da sauyin yanayi ke ƙara wa nauyi a wannan yanki, ta taro ce. Wannan ita ce hujja mai ƙarfi ta ba ƙungiyoyi tallafi, kuma ita ce ta sa ƙungiyar bogi ta zama babbar asara.

Waɗanda ke ƙasan kogi

Tarihin ba zai cika ba sai mun bi ruwan zuwa inda yake tafiya. Kogin Kano da Challawa ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, wanda ke shayar da dausayin Haɗeja da Nguru kafin ya nufi Tafkin Chadi. Bayan Tiga, an kammala madatsar Challawa a 1992. Malalar da manoman shinkafa da masunta da makiyaya na can suka dogara da ita ta ragu, ruwan da ake saki da rani kuma ya ba ciyawar kacalla damar toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cin hatsi. Binciken da Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa amfanin da ake samu daga kowane ma'aunin ruwa a dausayin ya zarce wanda ake samu a aikin Kogin Kano nesa ba kusa ba. A 2006 gwamnonin jihohi shida da ke kan wannan ruwa suka haɗu a Damaturu suka amince da kafa asusun kula da shi.

Mun kawo wannan ne don marubuci ya sani cewa maganin farin wani yana iya zama farin wani. Kuma hakan na faruwa har a cikin ƙauye ɗaya. Idan aka ce an ba al'umma tallafi, sai mu tambaya: wace al'umma? Mai gona ko mai haya? Na kan gaba ko na ƙarshen kanal? Ina matan da ke turara shinkafa da masu shanya kauɗar tumatir? Ina Bafulatanin da kanal ya ratsa burtalinsa?

Zuwa na huɗu: kuɗin sauyin yanayi

A taron Kopenhagen na 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 a shekara don taimaka wa ƙasashe masu tasowa kan sauyin yanayi, a taron Baku na 2024 aka ɗaga alkawarin zuwa biliyan 300 nan da 2035. Nijeriya ta yi dokar sauyin yanayi a Nuwamban 2021. A Disambar shekarar Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan 1 na ƙasar da ta lalace.

A cikin shirin akwai asusun al'umma mai juyawa, inda ake ba al'umma kuɗi daidai da dala 25,000, ita kuma ta ranta wa ƙungiyoyin manomanta, su yi noma ko sana'a su biya, a ranta wa na gaba. Wannan adashi ne da jarin waje. Idan na farko suka ɗauke shi rabon ganima, na biyu ba za su ga ko kwabo ba. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a wajen bikin raba cek ba: yawancin waɗannan kuɗi rance ne mai sauƙin ruwa da Nijeriya ta ci. Abin da ya iso ƙauye da sunan tallafi, bashi ne a wuyan ƙasa, kuma yaran da ke tsinkar tumatir yau suna cikin masu biya.

Maƙwabtanmu na Maraɗi suna da labarin da ya dace a ajiye kusa da namu. A lokacin yunwar 1984, wani shiri da Tony Rinaudo ɗan ƙasar Ostareliya ke ciki ya riƙa ba manoma abinci bisa sharaɗin su bar tohon itatuwa a gonakinsu, su gyara shi maimakon su sassabe. Da rabon abinci ya ƙare, da yawa suka sare itatuwan. Waɗanda suka bar nasu suka ga itacen girki da abincin dabbobi da kariya daga iska, sai maƙwabta suka fara kwaikwayo ba tare da an ba su komai ba. Wannan dabara da suke kira sassaben zamani ta bazu har aka ƙiyasta ta kai hekta miliyan 5 a Nijar, gawo ya dawo gonaki. Tallafi ya buɗe ƙofa, amma abin da ya zaunar da aikin shi ne manomi ya ga riba da idonsa, ya kuma tabbata itacen nasa ne.

Abin da ya rage gare mu

Idan muka jera zuwan nan huɗu, tambayoyin da za a auna kowane sabon tallafi da su sun fito da kansu. Ƙungiyar nan ta girmi shirin, ko shirin ne ya haife ta? Me 'ya'yanta suke zubawa daga aljihunsu, kuma wa ke riƙe da littafin? Ana karanta lissafi a gaban kowa? Yaushe aka yi zaɓen shugabanni na ƙarshe? Idan inji ya mutu ko kanal ya toshe bayan shekara 3, kuɗin gyara daga ina? Wa aka bari a waje? Wa ke ƙasan ruwa?

Mafi yawan abin da aka rubuta a kan wannan yanki da Turanci yake, a rahotannin bankuna da kundayen jami'o'i, waɗanda manomin Karfi ko Bunkure ba zai taɓa karantawa ba. Mutanen da suka ga ranar da ruwan Tiga ya fara gangarowa a kanal yanzu dattawa ne, kullum raguwa suke. Akwai waɗanda aka tasa daga garuruwansu, akwai tsofaffin masu buɗe ƙofar ruwa, akwai ma'ajin ƙungiya da ya riƙe amana shekara da shekaru ba wanda ya san sunansa, akwai wanda ya ci amanar. Mu da muke cika littattafanmu da gidajen Abuja da Dubai, ga labarin ruwa da gado da bashi da shugabanci a hanyar Zariya, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya daga Kano ba.

Shawararmu ga mai son gwadawa ita ce ya zaɓi kanal ɗaya ko ƙungiya ɗaya, kada ya ɗauki yankin gaba ɗaya. Ya nemi izini, ya zauna da na kan gaba da na ƙarshe, ya ji ta bakin mata da masu haya. Ya roƙi a nuna masa littafin ƙungiya idan an yarda. Ya rubuta shekara da adadi kamar yadda aka tabbatar masa, kada ya ƙara gishiri, kada kuma ya ambaci sunan wanda bai amince ba. Idan ƙagaggen labari zai yi, ya san lokacin shuka da farashin haya da yadda ake rabon ruwa kafin ya sa wa jaruminsa magana a baki.

Sabon kuɗi na tafe, kuma za a sake cewa a kafa ƙungiya. Manomin da ya karanta da harshensa abin da ya faru da na baya zai san tambayar da zai yi kafin ya sa hannu. 'Yan uwa na Kura da Bunkure da Garun Malam da ke cikinmu, da na Haɗeja da Nguru da Talatar Mafara, muna jiran ƙarin bayani da gyara daga gare ku. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa wa alƙalumanmu albarka.